Muryata Rawa Take Yi Idan Aka Kira Ni Intabiyu Ta Waya

Assalamu alaikum Anti. Shekarata 26, na karanta aikin akanta, kuma shekara biyu ke nan da gamawata ina neman aiki. Watan jiya wani kamfani ya yi min intabiyu ta waya. Na kwana ina bitar littattafaina, amma wayar na yin ƙara sai gabana ya faɗi, bakina ya bushe. Matar ta ce in ba ta labarin kaina, na yi ta zuba har na manta inda na faro. Ta yi wata tambaya ban ji sosai ba, kunya ta hana ni cewa ta maimaita, na amsa abin da ba shi ta tambaya ba. Ga ƙannena suna ta hayaniya a kusa da ni. Bayan minti 12 ta ce za su neme ni, har yau shiru. Yanzu wani wurin ya turo min imel cewa za su kira ni ranar Alhamis da ƙarfe 10 na safe, saura kwana biyar. Wallahi Anti tsoro nake ji, har ina tunanin in ce musu ba ni da lafiya. A gaban mutum ina iya magana, a waya ne nake rikicewa. Yaya zan yi?

Daga wata ƙanwarki mai neman aiki.

Wa alaikumus salam ƙanwata.

Kada ki ce ba ki da lafiya. Da wannan na fara domin shi ya fi tsaya min a rai cikin wasiƙarki. Idan kika sa aka ɗaga ranar, tsoron zai bi ki zuwa sabuwar ranar, kuma kafin ku isa ya ƙara girma. Ga shi masu ɗaukar aiki sukan jera mutane da yawa su kira su cikin kwana ɗaya ko biyu, wanda ya nemi a ɗaga masa kuwa, sau da yawa kafin a waiwayo shi an riga an zaɓi waɗanda za su wuce gaba. Wanda maciji ya sara in ya ga tsumma gudu yake, na sani, amma kwana biyar sun ishe ki.

Na karanta wasiƙarki sau biyu ban ga alamar rashin cancanta ba. An kira ki sau biyu cikin wata biyu, ke nan takardunki suna yin nasu aikin. Abin da ya faru shi ne kin shirya wa jarrabawar rubutu, aka zo miki da ta baki. Intabiyun waya galibi matakin tantancewa ne na farko, minti 15 zuwa 30, kuma sau da yawa mai kiran daga sashen kula da ma'aikata yake, ba shi ne shugaban da za ki yi aiki a ƙarƙashinsa ba. Abubuwan da yake son ji kaɗan ne: ko abin da ke cikin CV ɗinki, wato takardar tarihin karatunki da aikinki, gaskiya ne, ko kin fahimci aikin da kika nema, ko kina iya bayani a gane, da lokacin da za ki iya farawa, da kuma albashin da kike sa rai. Tambayoyin lissafi masu zurfi sukan jira zagaye na gaba. Don haka ki rage wa kanki nauyi. Abin da kike nema ranar Alhamis shi ne su ajiye waya suna son su sake magana da ke.

Kin ce a gaban mutum kina iya magana. Na yarda da ke, kuma akwai dalilinsa. Idan kina magana da mutum ido da ido, fuskarsa tana yi miki jagora ba ki ma sani ba. Ya gyaɗa kai, kin san ya gane. Ya haɗe gira, kin san ki ƙara bayani. Ya kalli agogo, kin san ki taƙaita. A waya duk an ɗauke miki wannan. Kin gama amsa, sai ki ji shiru, nan take zuciya ta raya miki cewa amsar ba ta gamsar ba, sai ki ci gaba da zuba don ki cike wurin. To bari in gaya miki abin da ke faruwa a ɗaya ɓangaren, don na sha zama a wannan kujera ina kiran masu neman aiki: rubutu nake yi. Kin faɗi abu mai kyau, ina sauri in rubuta kafin ya kuɓuce min, ko ina duba tambaya ta gaba a takardata. Shirun bai fi daƙiƙa uku ko huɗu ba, amma a kunnenki ya zama kamar minti guda. Na sha jin mutum ya ba da amsa mai kyau sannan ya ɓata ta cikin waɗannan daƙiƙoƙi, ya ƙara abin da ba a tambaye shi ba, wani ma har ya warware abin da ya faɗa da farko, kuma yakan ba ni tausayi matuƙa. Magana zarar bunu ce. Idan kin gama, ki sauke muryarki yadda za a ji kin kai aya, ki tsaya. In shirun ya yi miki tsawo, ki ce, "Ko akwai inda kike so in ƙara bayani?"

Batun tambayar da ba ki ji ba kuwa, ki daina ɗora wa kanki laifi. Kunnen matashi mai lafiya yana jin sauti daga kusan 20 har zuwa 20,000 a ma'aunin hertz mai auna kauri da sirantar sauti, amma layin waya irin na da yana ɗaukar kusan 300 zuwa 3,400 ne kawai, ya yanke sauran. Wayoyin zamani sun faɗaɗa wannan, sai dai da zarar sabis ya yi rauni muryar takan sake matsewa. Abin da ke bambanta sauti irin "s" da "f" yana can sama inda ake yankewa, shi ya sa sunaye da lambobi suka fi ɓacewa a waya. Mai yi miki tambaya ya san haka, shi ma yana fama da irinsa daga ɓangarenki. Babu mai hankalin da zai rage miki maki don kin ce, "Ki yi haƙuri, layin ya ɗan yanke, ko za ki maimaita ƙarshen tambayar?" Abin da ke rage maki shi ne a tambaye ki gabas ki amsa yamma, don a nan mai sauraro ba zai san cewa ba ki ji ba ne, zai ɗauka ba ki gane ba, ko kina kauce wa tambayar. Akwai wata dabara da nake so ƙwarai: idan tambaya ta yi tsawo, ki maimaita ta da kalmominki. "Wato kina so ki ji yadda na taɓa gano kuskure a lissafi, ko?" Kin tabbatar da abin da aka tambaya, kin kuma sayi daƙiƙa biyar na tunani, kuma an ji ki a matsayin mai natsuwa. Ki kuma riƙa jinkirta amsa da kamar daƙiƙa ɗaya, domin murya takan ɗan makara a hanya, musamman a kiran intanet, in kin yi gaggawa sai ku riƙa hawa kan maganar juna.

Yanzu ga babban aikin kwanakin nan biyar, kuma in za ki ɗauki abu ɗaya tak daga amsata, wannan nake so ki ɗauka: ki yi atisaye da baki, da murya a fili, a cikin harshen da za a yi intabiyun da shi. Bitar da ake yi a zuci yaudara ce. A zuci kowace amsa tana fita sumul, sai an buɗe baki ake gane inda harshe ke sarƙewa da inda tunani ke da rami. Ki ɗauki wayarki, ki kunna abin naɗar murya, ki yi wa kanki tambaya ki amsa, sannan ki saurara. Karon farko ba za ki so muryarki ba, kusan kowa haka yake ji. Dalili shi ne idan kina magana kina jin kanki ta iska da kuma ta ƙasusuwan kanki, su ke ƙara wa muryar kauri, naɗin kuwa ta iska kaɗai yake kawo miki ita, wato yadda kowa ya saba jin ki tun fil azal. Ki haƙura ki saurara har ƙarshe, ki lura da inda kike sauri, da inda kike cika "eh" da "am", da inda kika kauce hanya. Ki sake. Sau biyar ko shida a rana ya fi kwana kan littafi. Daga ranar Talata ki sami ƙawa ko yayarki, wadda ba za ta yi miki dariya ba kuma ba za ta yi miki kara ba, ki ba ta tambayoyi a rubuce, ta shiga wani ɗaki ta kira ki a waya. Ki roƙe ta ta riƙa yin shiru bayan kowace amsa da gangan, ta kuma yi tambaya ɗaya da ƙaramar murya, don ki saba da jure shiru da kuma neman a maimaita. Ranar Alhamis in wayar ta yi ƙara, jikinki zai ji abu ne da ya riga ya yi sau da yawa.

Tambayar da ta kayar da ke, "ba mu labarin kanki", ita ce ta fi kowace sauƙin shiryawa tunda kin san tana nan tafe. Ba tarihin rayuwa ake nema ba. Minti ɗaya zuwa ɗaya da rabi ya isa: wace ce ke a fagen aiki, me kika taɓa yi da hannunki, me ya kawo ki wannan gurbi. Ga misali, ki gyara shi da gaskiyar abin da kika yi: "Na karanta aikin akanta, na gama shekara biyu da suka wuce. A lokacin sanin makamar aiki na yi wata shida a sashen kuɗi, inda nake shigar da rasitai da daidaita littafin kuɗi da bayanan banki a ƙarshen wata. Wannan ɓangaren na daidaitawa shi na fi jin daɗi, kuma na ga shi ne farkon abin da kuka lissafa a tallar aikin, shi ya sa na nema." Ki tsaya nan. Kada ki haddace shi kalma da kalma, don wanda ya haddace in kalma ɗaya ta ɓace masa duka ginin ke rushewa. Ki riƙe matakan uku kawai, kalmomin su riƙa canzawa kowane karo.

Sannan ki tanadi labarai uku na gaskiya daga karatunki ko aikin da kika taɓa yi, ko da na sa-kai ne: lokacin da kika warware wata matsala, lokacin da kika yi kuskure kika gyara, da lokacin da kika yi aiki da mutum mai wuyar sha'ani ko lokaci ya ƙure miki. Kowane labari ki ba shi ƙafa huɗu: halin da ake ciki, abin da aka ɗora miki, abin da ke da kanki kika yi, da yadda aka ƙare. Ki fi daɗewa a kan na uku. Matasa da yawa, musamman mu mata, sukan ɓuya a bayan "muka yi, muka gyara", mai sauraro ya rasa hannun wa ya yi aikin. Ki ce "na lura", "na duba", "na kai wa shugabana". Wannan ba fahariya ba ce, shaida ce kike bayarwa a kan abin da ya faru. Labarai ukun nan za su amsa miki tambayoyi da yawa, ko da an sauya musu riga. Za a iya tambayarki me kike yi cikin shekara biyun da ba ki da aiki. Ki faɗi gaskiya a taƙaice ba tare da kame-kame ba, ki ambaci duk abin da kika koya ko kika taimaka a kai a wannan lokaci, ki wuce. Kuma ko wani ya taɓa ɓata miki a wurin da kika yi aiki, kada ki aibata shi a wannan kira.

Waya ta ɗauke miki fuska, amma ta ba ki abin da mai zama gaban kwamiti ba ya samu: takarda. Ki shimfiɗa CV ɗinki da tallar aikin a gabanki, kin ja layi ƙarƙashin abubuwan da suka fi nanatawa. Ki ƙara takarda ɗaya, ɗaya tak, mai ɗauke da kalmomin tuni da manyan haruffa: sunan kowane labari, lambobin da kike son ambata, sunan wanda zai kira ki. Kada ki rubuta cikakkun jimloli, don muryar mai karatu daban take da ta mai magana, ana ganewa cikin daƙiƙa kaɗan. Ki baje takardun yadda ba sai kin riƙa juya su ba, ƙarar takarda da ta madannin kwamfuta suna shiga waya fiye da yadda kike zato. Ki ba da awa ɗaya ki karanta shafin kamfanin na intanet, ki san abin da suke yi da waɗanda suke yi wa, yadda in an ce "me ya sa mu?" za ki faɗi abin da ya shafe su su kaɗai. Ki kuma rubuta tambayoyi biyu naki na ƙarshe, kamar me ake sa ran wanda aka ɗauka ya cim ma a wata ukun farko, da kuma mene ne mataki na gaba kuma yaushe za a ji.

Jikinki ma yana buƙatar shiri. Faɗuwar gaba da bushewar baki da rawar murya aikin sinadarin adrenalin ne, wanda jiki ke saki idan ya ji kamar akwai haɗari. Ba za ki hana shi fitowa ba, amma za ki iya rage masa ƙarfi. Minti biyar kafin lokaci ki ja numfashi a hankali ta hanci, ki fitar da shi a hankali fiye da yadda kika ja, domin doguwar fitar da numfashi tana sassauta bugun zuciya. Ki ajiye ruwa kusa da ke. Ki tsaya da ƙafafunki ko ki zauna a miƙe, kada ki kwanta ko ki lanƙwashe, don huhu ya sami wuri muryar ta fito da ƙarfinta. Ki yi murmushi lokacin gaisuwa, ana jin sa a murya ko ba a gan shi ba. Ki yi wanka ki sa kayan kirki kamar za ki fita, yana gaya wa zuciya cewa aiki ake. Kuma ki yi magana da wani da safen, kada gaisuwar intabiyu ta zama kalmarki ta farko a ranar. In muryar ta yi rawa a minti na farko, ki ci gaba abinki, takan daidaita da kanta, kuma abin da kike ji a ƙirjinki kaɗan ne daga cikinsa ke isa kunnen mai sauraro.

Sauran ƙananan abubuwa ne, amma su suka fi kayar da mutane. Ki sanar da mutanen gida tun daren Laraba, ki nemi wani babba ya riƙe miki ƙannenki na rabin awa, in gidan ba zai yi shiru ba ki nemi ɗaki a wani wurin tun yanzu. Ki gwada sabis a daidai inda za ki tsaya, a daidai wannan lokaci na safe. Ki cika caji, ki kashe ƙarar saƙonni, ki yi amfani da abin kunne mai makirfo in kin gwada shi yana da kyau, ki guji buɗe lasifika don tana kawo amsa-kuwwa. Ki amsa imel ɗinsu yau, ki tabbatar da rana da lokaci da lambarki, da kuma wa zai kira wa. In kamfanin a wata ƙasa yake, ki tambaya ƙarfe 10 na agogon wa ake nufi. Ranar, ko lambar da ba ki sani ba ce ta shigo, ki ɗauka da gaisuwa da cikakken sunanki. In kiran ya yanke a tsakiya, ki jira minti ɗaya ko biyu ko za su sake kira, in ba su kira ba ki kira su, ki ba da haƙuri da jimla ɗaya ki ɗora daga inda kika tsaya.

Maganar albashi tana iya tasowa. Ki bincika tun yanzu abin da ake biyan mai farawa a irin wannan aiki, ki riƙe tsakanin kaza zuwa kaza a ranki. In an tambaye ki, babu laifi ki fara da cewa, "Ko zan iya sanin abin da kuka ware wa wannan gurbi?" In sun nace, ki faɗi naki a natse, kada ki ce "duk abin da kuka ba ni", don wannan amsar ba ta taimakon kowa.

Akwai gargaɗi ɗaya da ba zan rufe ba tare da shi ba, domin masu neman aiki su 'yan damfara suka fi farauta. Duk wanda ya ce ki biya kuɗi kafin a ɗauke ki, ko ya nemi lambar sirrin katinki, ko lambar da banki ya turo miki ta saƙo, ki kashe wayar. Ma'aikata ta gaskiya ba ta neman waɗannan a intabiyu. Ki duba adireshin da imel ɗin ya fito, ki ga ya yi daidai da na shafin kamfanin.

Idan an gama, kafin ki kira kowa ki ba shi labari, ki zauna ki rubuta tambayoyin da aka yi miki tun suna sabo a kanki, za su yi miki amfani a zagaye na gaba. Cikin kwana ɗaya ki tura gajeren imel na godiya, layi uku ko huɗu, ki ambaci abu ɗaya da kuka tattauna. In lokacin da suka ce za ki ji ya wuce da 'yan kwanaki, ki tuntuɓe su sau ɗaya cikin ladabi. Kamfanin farko ma za ki iya tura musu irin wannan saƙo yau, ko don ki sauke shi daga ranki.

Yau da daddare, bayan gida ya yi shiru, ki ɗauki wayarki ki naɗi amsar "ba mu labarin kanki" sau uku, ki saurari ta ukun. Gobe ki fara labaran. Allah Ya ba ki sa'a ƙanwata, kuma ki rubuto min ranar Juma'a in ji yadda aka yi, zan sa ido.

Antinki.